Kifayen ɗana sun mutu ɗaya bayan ɗaya, in sake saya masa?

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a gidan haya a Aboabo, nan Kumasi. Babban ɗana Sadiƙu shekararsa 12. Ya tara kuɗin barka da Sallarsa, ya yi ta matsa mini har na raka shi wurin wani mai sayar da kifin ado. Ya sayi guda shida 'yan mitsi-mitsi masu ratsin shuɗi da ja, mai shagon ya ce sunansu niyon tetra, ya haɗa da wata kwalbar gilashi mai siffar tulu wadda ba ta fi cin lita biyar ba. A ranar muka cika ta da ruwan famfo muka zuba su. Safe, rana da dare yaron nan yana ba su abinci. Duk bayan kwana biyu sai ya kwashe su a kofi, ya wanke kwalbar da sabulu fes, ya zuba sabon ruwa. Ba a rufa sati biyu ba biyar suka mutu, saura ɗaya, ita ma ta lafe a ƙasa ko abinci ba ta ci. Babansa ya ce tun farko ya faɗa ɓarnar kuɗi ce, kuma alhakin rayukan nan yana wuyan yaron. Tun daga ranar ba ya cin abincin kirki, jiya har ya tambaye ni ko Allah zai kama shi. Ina so in sake saya masa a ɓoye ko ya saki ransa, amma ina tsoron su ma su mutu, ina kuma tsoron ɓacin ran maigida. Yaya zan yi?

Maman Sadiƙu, Aboabo

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Maman Sadiƙu. Allah Ya raya miki su, Ya shirya su.

Kada ki sayi kifi yanzu, kuma duk ranar da za a saya, kada a saya a ɓoye. Zan zo kan dalilin kowanne, amma bari mu fara da 'yar da ta rage, don ita ce ba za ta iya jira ba.

Yau ɗin nan ki nemi sabon bokiti ko robar da sabulu bai taɓa shiga cikinta ba, mai cin lita 15 zuwa 20. Ki zuba ruwan da ya kwana a buɗe, ki ɗiga maganin cire kulorin da ake samu wurin masu kifin ado, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbarsa. Ki ajiye robar kusa da kwalbar kifin na 'yan awoyi har ɗumin ruwansu ya zo ɗaya, sannan a riƙa ɗiban sabon ruwan kaɗan-kaɗan ana ƙarawa a kwalbar na kamar rabin awa, kafin a mayar da ita robar. A rufe saman da ƙyallen gidan sauro, a ajiye ta a lungun da ba haske sosai, a bar ta kwana biyu ba abinci. Kullum a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a mayar da wanda aka tanada. Ba zan ɓoye miki ba, kifin da ya kai ga lafewa a ƙasa sau da yawa ba ya tashi. Ki faɗa wa Sadiƙu haka tun yanzu, kada ya sake ɗora wa kansa idan ta tafi.

To, me ya kashe biyar ɗin? Ruwa ba ya tsami banza, kuma duk abin da ya faru yana cikin wasiƙarki.

Na farko ruwan famfo. Ruwan da ke zuwa mana daga madatsun ruwan Barekese da Owabi ana sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta, alheri ne gare mu. Amma kifi ta cikin ruwan yake numfashi, kulorin kuwa ƙona masa mashaƙar nan da ke gefen kansa yake yi. Duk ranar da Sadiƙu ya juye sabon ruwa kai tsaye daga famfo, sabuwar ƙuna ce. Ga sabulu kuma, wanda ko an ɗauraye sau uku ba a rasa ɓurɓushinsa a jikin gilashi.

Na biyu shi ne wanda ido ba ya gani, kuma shi ya fi kashe kifin masu farawa a ko'ina. Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya, ta numfashinsa da ta kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa ma ita yake zama. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita. A kwalbar lita biyar mai kifi shida, ana ciyarwa sau uku a rana, ba ta da inda za ta. Ruwan zai yi garau a ido alhali ya zama dafi, kamar ɗakin da aka rufe ƙofa da taga da kurfotin gawayi a ciki, ba hayaƙi amma mai barci yana galabaita. Abin da ke ceton kifi a tankin da ya zauna da gindinsa wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, waɗanda ke maƙalewa a soson matacin ruwa da tsakuwa da jikin gilashi. Wasu suna cin amoniya su mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce. Wasu kuma su ci wannan su mayar da ita naitiret, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa da canjin ruwa. Ƙwayoyin nan suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aikin. Kulorin yana kashe su, sabulu yana kashe su, wankin fes yana kwashe su. Kin ga ke nan tsabtar da yaron nan ya riƙa yi da zuciya ɗaya ita ce ta hana gidan kifin kafuwa. Ba wanda ya gaya masa. Wanda ya kamata ya gaya masa shi ne wanda ya karɓi kuɗinsa ya miƙa masa kwalba da kifi a rana ɗaya.

Wannan ya kawo ni kan tambayar da ya yi miki, wadda ta fi damuna a duk wasiƙar. Yaron da ke tashi da sassafe ya duba dabbarsa, ya ciyar da ita, ya wanke mata mazauni, ba azzalumi ba ne. Hadisin da ake tsoratarwa da shi kan dabbobi, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, laifinta shi ne ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Sadiƙu kishiyar haka ya yi, kuma ko balaga bai yi ba. Ki ba shi labarin Abu Umair, ƙanen Anas bin Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsawata masa ba, bai ce masa ɓarna ya yi ba. Sai ya kira shi da alkunyarsa, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun cikin rarrashi. Daga wannan hadisi malamai da yawa suka fahimci halaccin a bar yaro ya ajiye tsuntsu, muddin ana ba shi haƙƙinsa na ci da sha ba a azabtar da shi. Ki zaunar da shi ki faɗa masa a fili: Allah ba Ya kama wanda ya yi iya saninsa. Idan bai natsu ba, ki roƙi malaminsa na makarantar Islamiyya ya maimaita masa, don wani lokaci yaro ya fi gaskata maganar idan daga bakin malam ta fito. Idan kuma aka yi sati guda cin abincinsa bai dawo ba, ko barcinsa ya lalace, ki kai shi asibiti a duba shi.

Game da maigida, ina roƙonki ki ajiye maganar ɓoyo. Tankin kifi ba abin da ake turawa ƙarƙashin gado ba ne. Ranar da ya gani, rigimar za ta tashi daga kan kifi ta koma kan amana tsakaninku, yaron kuma ya koyi cewa abin da Baba ya hana ana iya zagayawa ta wajen Mama. Sannan Baban Sadiƙu bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Kuɗi sun tafi, kuma rai amana ne. Inda ya zarce shi ne ɗora nauyin a wuyan ɗan shekara 12. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, yara ba sa kusa, ki fara da gaskiyarsa, sannan ki gaya masa tambayar da ɗansa ya yi miki. Ina kyautata zaton bai san maganarsa ta kai can ba. Abin da za ki nema a wurinsa na farko ba kuɗin kifi ba ne, kalma ɗaya ce: ya kira yaron ya ce masa ba laifinsa ba ne. Maganar ko za a sake kiwo ta biyo baya.

Idan ya amince, ga sharaɗin da nake so ku gindaya wa Sadiƙu: zai yi wata guda yana kiwon ruwa kafin ya yi kiwon kifi.

A ajiye kwalbar nan, ko a dasa fure a ciki. A nemi tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wanda ke cin kusan lita 54. Mai aikin gilashi zai iya haɗa shi da gilashi mai kaurin milimita 6, amma a tabbatar gam ɗin silikon da zai sa na tankin kifi ne, ba mai maganin funfuna da ake sa wa banɗaki ba. Tsawon tanki ya fi zurfinsa muhimmanci, don kifayen nan gefe zuwa gefe suke iyo, kuma ta saman ruwa iska ke shiga. Idan ya cika, da tsakuwa da komai, nauyinsa zai doshi kilo 70, saboda haka teburi mai ƙarfi yake so, wanda ba ya girgiɗi, inda ƙannensa ba za su ja ba, nesa da taga. Murfi dole ne, don kifin yana tsalle, ƙananan yara kuma suna son jefa masa burodi.

Matacin ruwa mafi sauƙi, kuma wanda na fi so ga gida irin naku, shi ne na soso mai aiki da ɗan famfon iska. A wanke tsakuwa da ruwa zalla, a zuba, a cika tankin da ruwan da aka cire wa kulorin, a kunna famfo dare da rana. Duk bayan kwana biyu Sadiƙu ya barbaɗa ɗan abincin kifi a tankin da ba kowa a ciki, don ya ruɓe ya ciyar da bakteriyar. Ruwan zai iya yin hazo-hazo a makon farko, ya bar shi, zai washe da kansa. Idan kun san wani mai tankin da ya daɗe kuma kifinsa lafiya lau, ku roƙi ɗan yankin tsohon sosonsa a kawo shi a jiƙe cikin leda, zai rage muku jira sosai. Akwai ɗan kayan gwajin ruwa na ɗigawa. Idan aljihu ya kai, a saya, ranar da amoniya da naitirait duka suka nuna sifiri, gida ya shiryu. Idan bai kai ba, a cika mako shida.

A ba shi ɗan littafi ya riƙa rubuta zafin ruwan safe da la'asar, da ma'aunin zafi na tanki, wanda ba shi da tsada. Wannan rubutun ne zai gaya muku irin kifin da za ku saya, kuma a nan ne nake da shakka kan niyon ɗin kansa. Asalinsa ƙananan rafukan kurmin Amazon ne, yankin da Peru da Kolombiya da Birazil suka haɗu, inda itatuwa suka yi wa ruwa rumfa. A 1936 masana suka ba shi suna, kuma yawancin wanda ake sayarwa yau a gonakin kifi na kudu maso gabashin Asiya ake ƙyanƙyasarsa. Ruwan da ya fi so digiri 20 zuwa 26 ne a ma'aunin Salshiyas. Mu kuwa a Kumasi, cikin Fabrairu da Maris zafin rana yakan haura digiri 32, ɗaki mai rufin kwano a gidan haya kuma kin san yadda yake da azahar. Ruwa mai zafi iskar oksijin ɗinsa ba ta da yawa, jikin kifin kuma a lokacin ya fi buƙatarta. Idan littafin Sadiƙu ya nuna ruwan yana zama a 28 ko 29, niyon zai rayu a wahale ne. Gara a nemi 'yan'uwansa masu jure ɗumi. Akwai emba tetra, 'yar ja-ja mai ruwan garwashi daga yankin kogin Araguwaya a Birazil, tsawonta santimita 2 kacal, tana jure har digiri 29. Akwai kadinal tetra na kogin Negro, mai kama da niyon sak, sai dai jan nasa ya bi ciki tun daga kai har wutsiya, na niyon kuwa daga tsakiyar jiki yake farawa. Shi ma yana son ɗumi, amma ya fi tsada kuma ba ya son sabon tanki. Ranakun tsananin zafi a ɗaga murfin, a sa raga, a juya ƙaramar fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, zai sauko da digiri biyu ko uku. Kada a jefa ƙanƙara ciki, canjin farat ɗaya ya fi zafin kansa illa.

Kifayen nan na garke ne, danginsu ɗaya da kawara ta kogunanmu. Ɗaya shi kaɗai tsoro ne ke cinye shi, launinsa ya dishe, ya ɓuya. Shida ne mafi ƙaranci, takwas zuwa goma ya fi, kuma duka iri ɗaya. A fara da biyar, bayan mako biyu a ƙaro sauran. Kada a haɗa su da jan kifin nan mai ƙaton ciki da ake kira golfish, ko ɗan karfasa da wani zai kawo daga rafi, duk abin da ya shiga bakin babba abinci ne. A shago ku tsaya ku kalli tankin tukuna. Idan akwai matacce yana yawo, ko mai fararen ɗigo-ɗigo a jiki kamar an barbaɗa masa gishiri, ko wanda bayansa ya lanƙwashe ratsinsa ya kode, ku wuce, kada ku ɗauki ko ɗaya daga tankin. Wannan na ƙarshen alamar wata cuta ce da aka san niyon da ita, kuma ba ta da magani. Da an iso gida a sa ledar a kan ruwan tanki minti 20 ba a buɗe ba, sannan a buɗe a riƙa ƙara ruwan tanki kaɗan-kaɗan, a ƙarshe a kwashe kifin da 'yar raga. Ruwan shago a zubar.

Daga nan aikin ba shi da yawa. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta, a murtsuke shi don bakinsu ƙarami ne, wanda za su cinye cikin minti biyu. Za su riƙa tururuwa gaban gilashi duk sa'ad da suka ga mutum, ba yunwa ba ce, kada tausayi ya ja shi. Sau ɗaya a mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ana bin tsakuwa don dattin ya fita, kifin yana ciki ba a taɓa shi ba. Galan ɗin Kufuor, wato jarkar man girki mai ruwan ɗorawa, guda a ware shi don wannan kawai, wanda aka wanke sosai ba sauran mai a ciki, a cika shi tun jajibiri a ɗiga magani. Soson a matse shi a hankali cikin ruwan da aka zuƙo daga tankin, kada ya ga famfo. Gishiri ba sa buƙatarsa, ko da wani ya ce a zuba. Busasshen ganyen bishiyar nan da Tonawa ke kira abrofo nkate, wato almon na Indiya, guda ɗaya a ɗauraye a jefa, yana mayar da ruwan kalar shayi marar madara, irin ruwan da suka fito, kuma suna sakewa a cikinsa. Idan Sadiƙu ya kunna fitila da asuba ya ga ratsinsu ya yi fari-fari, kada gabansa ya faɗi, haka suke kwana, launin zai dawo cikin ɗan lokaci.

Abu biyu ne na gidajenmu da nake so ki kula da su da kanki. Na farko maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa yawanci sinadarinsu ɗaya ne, kuma ɗan abin da ba zai dame ki ba yana iya kashe tanki guda cikin dare, don famfon iska yana zuƙo iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa. Ɗakin da tanki yake, gidan sauro za a koma. Idan dole sai an fesa, a kashe famfon, a lulluɓe tankin ruf da jiƙaƙƙen tawul, sai ɗakin ya sha iska sosai a buɗe. Haka hannun da aka shafa wa man kaɗanya ko turare, a wanke shi da ruwa zalla kafin ya shiga tanki. Na biyu dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki. Idan wuta ta ɗauke, kumfa ta tsaya, iska ta fara ƙarewa ga kifi da bakteriya duka. Akwai ƙaramin famfon iska mai aiki da fawa-bank ɗin cajin waya, ya cancanci kuɗinsa. Idan babu, a riƙa ɗiban ruwan tankin da kofi ana kwararo shi daga ɗan sama lokaci-lokaci, kuma a dakatar da abinci har wuta ta dawo.

Ku yi wannan lissafin ma ke da maigida kafin a kashe ko sidi ɗaya. Kifin nan idan ya samu kulawa yana iya kai shekara biyar. Nan da shekara uku Sadiƙu zai gama ƙaramar sakandare (JHS), mai yiwuwa ya tafi makarantar kwana. Wa zai riƙa canjin ruwan? Idan amsar ke ce, ki tabbata kin yarda tun yanzu.

Idan kuma Baban Sadiƙu ya ce a'a, ko kuka duba kuka ga ɗakin da aljihun ba za su ɗauka ba, to a haƙura, kuma a gaya wa yaron dalilin gaskiya, kada a bar shi yana zaton hukunci ne. 'Yar da ta rage, idan ta farfaɗo, kada a sake ta a kwata ko rafin Aboabo, ba za ta kwana ba. A kai wa wani mai tanki da ke da irinta, Sadiƙu ya kai ta da hannunsa, a kuma nema masa izinin zuwa ranar Asabar ya riƙa taya mai tankin canjin ruwa.